Me ya sa kishi ke ƙarewa da jini a ƙananan finafinan Japan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon rubutun fim. Kwanan baya na kalli wani fim na Japan mai suna 2LDK. 'Yan mata biyu ne a gida ɗaya, suna jiran a kira ɗaya daga cikinsu a ba ta matsayin jaruma a wani fim, amma daga gardama a kan sabulun wanke gashi sai da suka kashe juna kafin gari ya waye. Da na bi sawu sai na ga ashe irinsa suna da yawa, kuma galibi ba a kashe musu kuɗin kirki ba. Shin rashin kuɗi ne ke sa su yin irin wannan labari, ko halin mutanen Japan ɗin ne haka? Kuma akwai abin da mai ƙaramin jari irina za ta ɗauka daga ciki?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, kina so ki san daga ina wannan salo ya ɓullo, wato labarin mutum biyu da takara ko kishi ya haɗa su har ya kai su ga zubar da jini, kuma kina zargin abu biyu: aljihun furodusa da ɗabi'ar mutanen ƙasar. A nawa ganin, bayan shekarun da na yi ina koyar da rubutun fim da kuma haɗa hotunan gajerun finafinai, zarginki na farko ya fi kusa da gaskiya. Rashin kuɗi ne ya kulle waɗannan daraktoci a ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu. Amma abin da suka tarar a cikin ɗakin, wato ladabin da ke lulluɓe ƙullaci, wannan daga zamantakewarsu suka ɗebo shi. Shi kuwa jinin da ya tayar miki da hankali, shi ne mafi arha a cikin fim ɗin, kuma shi ne mafi ƙarancin abin koyo.

Yadda kasuwa ta haifi salon

Sai mun koma baya kaɗan. A shekarar 1958 an sayar da tikitin sinima fiye da biliyan 1 da miliyan 100 a Japan, kuma ba a sake kaiwa nan ba. Talabijin ta shiga gidaje, mutane suka daina fita, har ya zama a 1996 tikitin da aka sayar bai wuce miliyan 120 ba. Manyan kamfanoni suka jigata. Daiei ya karye a 1971, Nikkatsu kuma a wannan shekarar ya koma yin finafinan batsa masu arha don ya tsira. Tun kafin a kai nan, tsarin da suke bi shi ne a nuna fim biyu a tikiti ɗaya, babba da ƙarami, kuma ƙaramin ana ba darakta kuɗi kaɗan da kwanaki kaɗan, a ce ya kawo abin da zai cike gurbi.

Cikin masu cike gurbin nan akwai Seijun Suzuki, wanda ya yi wa Nikkatsu fim ɗin Branded to Kill a 1967. Labarin wani makashi ne da ake ɗauka haya, mai matsayi na 3 a jerin makasan ƙasar, wanda ya kuskure harbi saboda malam buɗe littafi ya sauka a kan bindigarsa. Daga nan aka turo masa mai matsayi na 1. Abin da ya sa nake kawo shi a nan shi ne yadda na 1 ɗin ya yi farautarsa: bai tsaya daga nesa ya harbe shi ba, sai ya tare a gidansa, suna ci tare, suna kwana tare, kowa na jiran ɗan uwansa ya rintsa. Kin ga tun a lokacin an gano cewa abokin gaba da ke ɗaki ɗaya da kai ya fi wanda ke bakin titi ban tsoro. Kamfanin ya kori Suzuki a 1968 bisa cewa finafinansa ba a gane su kuma ba sa kawo kuɗi, ya kai su kotu, ya kwashe kusan shekara 10 bai sake yin fim na sinima ba.

Babban juyi ya zo ne a 1989, lokacin da kamfanin Toei ya fara fitar da finafinai kai tsaye a kaset ɗin bidiyo, ba tare da sun bi ta sinima ba. Suka raɗa wa tsarin suna V-Cinema, fim na farko kuma shi ne Crime Hunter. Shagunan hayar kaset sun cika garuruwa, kuma kowane shago na neman sabon kaya kowane wata. Mai haya, wanda galibi namiji ne da ya taso daga aiki da dare, hoton bayan kwali yake dubawa: fuskar jarumin da ya sani, bindiga, da alamar za a gwabza. Idan darakta ya ba furodusa waɗannan, ya kuma gama cikin kwanakin da aka yanka masa, ba mai tambayarsa abin da ya zuba a tsakiya. A wannan 'yanci na wanda ba a damu da shi ba daraktoci irin su Takashi Miike da Kiyoshi Kurosawa suka goge, a nan kuma 'yan wasa Show Aikawa da Riki Takeuchi suka zama sarakunan kaset. Abin zai yi miki kama da na gida, domin a daidai wannan lokaci ne, wajen 1990, fim ɗin Hausa na kaset ya fara tsayawa da ƙafarsa a Kano, shi ma a kan ƙaramin jari da kasuwar kallo a gida.

Sai kuma tattalin arzikin Japan ya faɗi a farkon shekarun 1990, bayan farashin filaye da hannun jari ya yi tashin gwauron zabo ya dawo ƙasa. Alkawarin da aka saba yi wa matashi, cewa idan ya yi karatu ya shiga kamfani zai zauna a can har ritaya, ya fara warwarewa. Guraben suka ragu, masu nema suka yi yawa. Labarin mutum biyu da kujera ɗaya ya dace da wannan zamani kamar an auna.

Ɗaki ɗaya, mutum biyu

Fim ɗin da kika kalla misali ne tsantsa, domin shi da gangan aka ƙuntata shi. Wani furodusa mai suna Shinya Kawai ne ya haɗa daraktoci biyu gasa, Yukihiko Tsutsumi da Ryuhei Kitamura, da sharaɗin kowa ya yi fim a kan mutum biyu da za su fafata a wuri ɗaya, a ɗauke shi cikin kamar mako guda. Kitamura ya yi Aragami, labarin mayaƙi da ya farka a wani wurin bauta ya tarar mai masaukinsa na neman su yi faɗan takobi. Tsutsumi ya yi 2LDK, da 'yan wasa Eiko Koike da Maho Nonami, tsawonsa kusan minti 70, finafinan biyu suka fito a 2003. Ko sunan fim ɗin ma yaren dillalan gidaje ne a Japan: ɗakin kwana 2, da falo, da wurin cin abinci, da kicin. Wato sunan fim ɗin shi ne girman kejin.

Ki duba lissafin furodusa. Kowane sabon lokeshin na nufin mota, da abinci, da izini, da sake kafa fitilu, da rabin yini da ya tafi a banza. Kowane ƙarin ɗan wasa na nufin sallama da kaya da kwalliya. Labarin yaƙi na buƙatar runduna, labarin fashi na buƙatar motoci da titi, labarin soyayya ma yakan nemi wurare masu kyau. Amma kishi ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da abu ɗaya da ba ya rabuwa. Shi ya sa nake cewa shi ne injin labari mafi arha da aka taɓa ƙirƙira. Kuma yana da wata fa'ida: ba sai an yi wa mai kallo dogon bayani ba. Da ya ga mata biyu suna satar kallon waya ɗaya, ya gama gane komai.

Sai dai ƙuntatawar tana da nata sharaɗi. Tunda ba za a fita ba, dole kayan ɗakin su yi aikin da runduna da motoci za su yi. Ki sake kallon rabin farko na 2LDK da idon mai rubutu. Nozomi, 'yar karkara mai karatu da tsantseni, tana rubuta sunanta a kan abincinta na firji. Lana, wadda ta riga ta shiga harkar kuma ta fi ta wayewar birni, tana taɓa abin da ba nata ba kamar ba komai. Ga sabulun gashi da ya ragu, ga gashi da aka bari a banɗaki, ga maganar saurayi da aka jefa a fakaice. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a mari mutum a kansa. Amma darakta na tara su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin bashi yana rubutawa a littafi, kuma kowane abu da kyamara ta tsaya a kansa a farkon fim zai dawo a matsayin makami a ƙarshe: murfin tankin masai, ruwan wanke banɗaki, wutar lantarki, har da zarto mai inji. Gidan da aka nuna miki a matsayin wurin hutawa ashe rumbun makamai ne tun farko.

Ta ciki na ciki

A nan ne al'ada ta shigo, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Mutanen Japan suna da kalmomi biyu da suke yawan ambata game da kansu: honne, abin da ke zuciyar mutum, da tatemae, fuskar da yake nuna wa jama'a. Harshensu kuma yana da matakan girmamawa da ake kira keigo, inda siffar aikatau kanta ke canzawa gwargwadon wanda kake magana da shi. A makaranta da wurin aiki akwai senpai, wanda ya riga ka shiga, da kohai, wanda ya zo a bayanka, kuma na baya ba ya ɗaga wa na gaba murya ko da ya fi shi iyawa. Mu da muka san kunya da kara da kawaici ba za mu ga wannan baƙon abu ba. Mun san yadda mutum biyu ke gaisawa har da tambayar gajiya, alhali ta ciki na ciki.

Tsutsumi ya ɗauki wannan ya mai da shi dabarar fim. A rabin farko muna jin abin da kowace ke faɗa da baki, mai daɗi da ladabi, nan take kuma muna jin muryar zuciyarta tana zagin 'yar uwarta. Tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu ita ce fargabar fim ɗin gaba ɗaya. Mai kallo na zaune yana jiran lokacin da muryar ciki za ta fito waje, kuma da ta fito, ba sauran abin da zai riƙe hannu. Hausawa sun ce mai haƙuri bai iya fushi ba. Mutumin da ya saba faɗa da baki kullum yana da matakai: gunaguni, baƙar magana, tsawa, yaji, sulhu. Wanda bai taɓa buɗe baki ba ba shi da waɗannan matakai, daga shiru sai ɓarna. Wannan ne ya sa tashin hankali a irin waɗannan finafinai yake zuwa kamar faɗuwar katanga, ba kamar hawan tsani ba.

Shi ya sa kuma idan kina kallo da fassarar da ke ƙasan hoto, ki riƙa sauraron sautin maganar, ba karatun kawai ba. Sau da yawa wurin da dangantaka ta karye shi ne wurin da ƙarama ta daina amfani da siffar girmamawa ta koma magana tsirara. Fassara kan shafe wannan, ta mai da jimlolin biyu iri ɗaya. Kwatankwacinsa a wajenmu shi ne ranar da yarinyar da ta saba cewa "Yaya" ko "Anti" ta kira babbar da sunanta gatsal. Ba a taɓa kowa ba tukuna, amma duk wanda ke ɗakin ya san an riga an fara yaƙi.

Abokin gaba madubi ne

Akwai abu na uku da ba kuɗi ba ne, ba kuma ladabi ba, kuma shi ne ya raba waɗanda suka daɗe ana kallonsu da waɗanda aka manta. A mafi kyawun waɗannan finafinai, abin da ake takara a kansa ba shi ne ainihin matsalar ba. Matsalar ita ce kowane ɗaya yana ganin abin da ya rasa a jikin ɗayan.

Fim ɗin da na fi nuna wa ɗalibaina a kan wannan shi ne Tokyo Fist na Shinya Tsukamoto, 1995. Tsukamoto mutum ne da ya saba yin kusan komai da hannunsa: ya rubuta, ya ba da umarni, ya riƙe kyamara, ya haɗa hoto, ya kuma fito a ciki. Haka ya yi Tetsuo a 1989 da fim mai faɗin milimita 16, baƙi da fari. A Tokyo Fist ya fito a matsayin Tsuda, mai tallar inshora da ke yawo tsakanin dogayen benaye kullum a gajiye, jikinsa kamar ba nasa ba. Sai ya ci karo da tsohon abokinsa na makaranta, Kojima, wanda ya zama ɗan dambe, kuma ƙanin daraktan na jini, Koji Tsukamoto, shi ya fito a wannan matsayi. Kojima ya nemi budurwar Tsuda, Hizuru, ta kuwa tattara ta koma wajensa. Tsuda ya shiga gidan horon damben da Kojima ke zuwa don ya koyi yadda zai rama. Da sannu za ki gane ba a kan yarinyar ake yi ba, domin ita ma ta kama tata hanyar, ta ƙi zama kofin da za a miƙa wa wanda ya ci. Suna yara sun yi alkawarin horar da jikinsu don su ɗauki fansar wata yarinya da aka kashe, Kojima ya riƙe alkawarin, Tsuda ya manta ya sa kwat. Kowane naushi a fim ɗin na wannan mantuwar ne. Fuskoki na kumbura fiye da yadda za su yi a zahiri, jini na feshi kamar famfo, kuma da gangan ne: mutumin da birni ya kashe wa jiki sai da ciwo yake tabbatar yana raye.

Blue Spring na Toshiaki Toyoda, wanda ya shiga sinima a 2002, ya fi wannan sanyi, ya kuma fi shi cin rai. Makarantar sakandare ce ta maza wadda malamai suka sallama. Shugabancin ɗalibai ana samunsa ne ta wani wasa a saman bene: yaro ya tsaya a wajen ƙarfen kariya, ya saki hannu, ya tafa sau nawa zai iya kafin ya sake cafkewa. Kujo ya ci, amma sarautar ba ta dame shi ba. Amininsa Aoki kuwa ita ce duk abin da yake so, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganin wanda ya samu yana wulaƙanta ta. A ƙasan wannan duka, Aoki so yake Kujo ya dube shi. Na sha kallon wannan fim, kuma har yau fitowar ƙarshe, inda Aoki ya hau benen shi kaɗai, tana hana ni magana na ɗan lokaci. Gabar da ta fi zafi ita ce wadda ta tsiro daga ƙaunar da ba a mayar ba.

Idan kina son na mata wanda ya fi 2LDK nauyi, ki nemi Onibaba na Kaneto Shindo, 1964, wanda ya yi a ƙaramin kamfaninsa mai zaman kansa. Suruka ce da matar ɗanta a cikin wata doguwar ciyawa lokacin yaƙin basasa, suna kashe mayaƙan da suka ɓata hanya su sayar da sulkensu su sayi hatsi. Wani maƙwabci ya dawo daga yaƙi da labarin ɗan ya mutu, yarinyar ta fara zuwa wajensa da dare. Tsohuwar ta sa fuskar aljani don ta tsorata ta, fuskar ta manne mata. A nan kishi da yunwa a haɗe suke, domin idan yarinyar ta tafi, tsohuwar ba ta iya farautar ita kaɗai. Ciyawa, rami, bukka biyu da fuskar katako ɗaya, su ke nan kayan aikin.

Miike kuma ya ja abin har ya tsinke. A Dead or Alive na 1999 ya haɗa Aikawa a matsayin ɗan sanda da Takeuchi a matsayin ɗan daba a unguwar Shinjuku, kuma da suka fuskanci juna a ƙarshe, karon nasu ya tarwatsa ƙasar baki ɗaya. Ya san mai haya ya biya ne don ganin sarakunan kaset biyu sun haɗu, sai ya ba shi haɗuwar da ta wuce duk yadda yake tsammani.

To, halin mutanen Japan ne?

A'a, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau. Japan na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya, dokar mallakar bindiga da takobi kuma tana da tsanani ƙwarai tun 1958. Wanda ya auna mutanen ƙasar da waɗannan finafinai ya yi daidai da baƙon da ya kalli finafinanmu goma ya yanke cewa kowane gidan Bahaushe akwai kishiya da ke barbaɗa wa 'yar uwarta magani a miya. Fim na ɗaukar matsin da ke akwai da gaske, na ƙananan gidaje, da dogon aiki, da haɗiye magana, ya tambaya me zai faru da a ce murfin ya tashi. Amsar da yake bayarwa mafarki ne mai ban tsoro, ba rahoto ba. Ni kuma karatuna na mai sana'ar fim ne, abin da nake iya tsaya miki a kai shi ne yadda aka gina labaran da dalilin da suke aiki a kan mai kallo.

Ba zan kuma ɓoye miki ba, mafi yawan abin da kasuwar kaset ta fitar shara ce. A kan kowane fim ɗaya da na ambata akwai tari da aka yi don cike shago, masu cin zarafin mata a matsayin ado, masu zubar da jini don babu abin faɗa. Ko 2LDK ɗin, a ganina rabinsa na biyu bai kai na farko ba. Da zarar an ɗauko zarto, matan biyu sun daina zama mutane sun koma 'yan tsana da darakta ke gwarawa, kuma akwai ɗan ƙamshin sayar da faɗan mata ga maza masu kallo. Abin da ya cece shi shi ne saƙon wayar da ya shigo bayan komai ya lafa, cewa an ɗauke su su biyun. Kujerar da suka mutu a kanta ashe biyu ce. Finafinan nan na manya ne, da yawansu hukumar tace finafinai ta Japan, Eirin, takan sa musu iyakar shekara 15 ko 18, wasu kuma akwai tsiraici a ciki, don haka ki bincika kafin ki kunna a inda yara suke.

Abin da za ki ɗauka

Shekarun baya wasu ɗalibaina suka kawo mini rubutu a kan yara biyu masu koyon ɗinki a shago ɗaya, maigidansu zai bar wa ɗaya shagon. Tunanin ya yi kyau, amma a shafi na 3 har an zaro almakashi. Na ce su koma su rubuta mini abubuwa 10 da ke cikin shagon, su kuma nemo wa kowane abu ƙaramin laifi da ɗaya zai yi wa ɗayan da shi ba tare da an ɗaga murya ba. Suka dawo da keken da aka canza wa zare ba a faɗa ba, da tef ɗin awo da ya ɓata ranar da ake sauri, da kwastoma da ta shigo ta tambayi ɗaya alhali ɗayan ne ya yi mata ɗinkin, da kwanon abincin da maigida ya fara miƙa wa ƙaramin. Da suka jera waɗannan, almakashin ya koma shafi na 14, kuma ba a ma soki kowa da shi ba. Yaron ya ɗauke shi ne ya yanka rigar amarya da ɗan uwansa ya kwana uku yana yi. Ranar da muka nuna shi, ɗakin ya yi tsit fiye da yadda zai yi da an ga jini.

Wannan na koye shi ne da tsada. A wani gajeren fim da na haɗa tun ina sabon hannu, mun ɗauki faɗa daga nesa, da jinin da muka haɗa da kalar abinci, 'yan wasan kuma ba su taɓa koyon faɗan fim ba. Masu kallo suka ga ƙaryar, duk nauyin da muka tara na minti 20 ya zube a nan. Faɗa mai gamsarwa na cin kwanaki da ƙwararren mai tsara shi, kuma su Tsukamoto sun iya ne don sun yi shekaru suna gwaji da jikinsu. Idan ba ki da wannan, ki matso da kyamara kan fuska, ki bar sauti ya yi aikin: numfashi, ƙarar abin da ya faɗi, shirun da ya biyo baya. Kiyoshi Kurosawa a Serpent's Path na 1998 ya ɗaure mutane da sarƙa a wani kangon sito, kuma abin da ke tsorata mai kallo shi ne natsuwar mai ɗaurin da faɗin wurin, ba duka ba. Kada kuma ki taɓa ba ɗan wasa wuƙa ko almakashi mai kaifi a fitowar kokawa, komai ƙanƙantar motsin.

Wajen rubutu, ki ba kowane ɗaya daga cikin biyun gaskiyarsa, har mai kallo ya riƙa sauya ɓangare. Idan ɗaya muguwa ce tun fitowa ta farko, ɗayar kuma baiwar Allah, kin rubuta labarin zalunci ne, ba na kishi ba, kuma wannan ne ramin da labaran kishiyoyi na gida suka fi faɗawa. Ki kuma samo dalilin da ya hana su rabuwa, domin mai kallo zai tambaya me ya sa ɗaya ba ta ɗauki jakarta ta fita ba. A 2LDK wayar da suke jira ce, a Onibaba yunwa ce, a Blue Spring makarantar ce kaɗai duniyar da yaran suka sani. Wannan hanya ba ta dace da kowane labari ba. Labarin da ke buƙatar gari, ko dangi, ko shekaru masu tsawo, zai shaƙe idan kika kulle shi a ɗaki.

Kafin ki rubuta naki, ki sake kunna 2LDK ki tsayar da shi a daidai lokacin da aka fara kai hannu. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk ƙaramin laifin da ya gabata, da mintin da ya faru, da abin da kowace ta faɗa da baki a lokacin. Daga nan ki yi wa Tokyo Fist haka, sannan ki turo mini shafuka 5 na farko na labarinki mu duba tare.